Likitocin Teburin Mai Shayi

Abin ba ya ɗaukar lokaci. Za a ɗauki wata jaruma a waya a wajen biki, ɗan bidiyon da bai wuce daƙiƙa talatin ba: kowa na rawa ana liƙi, ita kuwa ta koma gefe ta rafka tagumi. Kafin a kira la'asar bidiyon ya zagaye TikTok da Facebook, kafin isha'i kuma an gama yi mata gwaji, an fitar da sakamako, saura rubuta magani. A teburin mai shayi wani zai ce, "Wallahi yarinyar nan dipireshan ke damunta, ku dubi idonta mana." Na kusa da shi ya ce, "Kai dalla can, wane irin dipireshan? Baifola ce. Jiya-jiya fa aka gan ta tana ta ƙyaƙyata dariya." Na ukun, wanda tun ɗazu yake jiƙa burodi bai tanka ba, sai ya ɗago ya yanke hukunci: "Ƙwaya ce kawai, malam. Duk haka suke."

A cikin su ukun babu wanda ya taɓa ko da gaisawa da ita. Ba su san ko haƙori ne ke mata ciwo ba, ko takalmi ne ya matse ta, ko daga lokeshin ta taho bayan kwana biyu ana ɗaukar waƙa ba barci, ko kuwa furodusa ne ya riƙe mata cikon kuɗinta. Hujjarsu guda ce, wai labarin zuciya a tambayi fuska. To amma fuskar wa? Fuskar 'yar wasa, wadda abincinta ke nan ta sa fuska ta faɗi abin da babu shi a zuciya. Yarinyar da darakta zai ce mata "yi kuka" ta zubo da hawaye shaɓe-shaɓe, ya ce "kat" ta share ta nemi ruwan leda, ita ce za a karanta cikinta daga hoto?

Wannan ɗabi'a ba yau ta fara ba. Tun zamanin kaset, lokacin da ake layi a shagon haya ana jiran sabon fim, 'yan kallo sun saba yi wa 'yan wasa fassara. Idan jaruma ta rame, asiri aka yi mata. Idan jarumi ya ɗauke ƙafa daga fitowa, kansa ne ya taɓu. Wanda ya saba fitowa a mugu kuwa, a kasuwa ma harararsa ake yi, wai ai halinsa ne yake nunawa. Abin da ya canza shi ne kalmomin. A da da harshen majalisa ake gulmar, kowa ya san gulma ce, a yi dariya a watse. Yanzu ta sa farar riga ta rataya abin awon ƙirji, tana magana da harshen asibiti, kuma sunan cuta yana da nauyin da "girman kai" ko "iyayi" ba su da shi. Idan aka liƙa wa 'yar wasa taɓin hankali, furodusa zai yi tunani sau biyu kafin ya kira ta aiki, haka ma dangin wanda ke neman aurenta. Babu sanarwar da za ta fitar ta wanke kanta, domin musantawar ma za a ce alama ce ta ciwon.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, wannan aikin da likitocin teburin mai shayi ke yi a ɓagas, likitocin gaskiya an hana su yin sa. A shekarar 1964, ana shirin zaɓen shugaban ƙasa a Amurka, wata mujalla mai suna Fact ta aika wa likitocin ƙwaƙwalwa 12,356 tambaya: shin ɗan takara Barry Goldwater yana da lafiyar hankalin da zai riƙe ƙasa? Mutum 2,417 suka amsa, kuma 1,189 daga cikinsu suka ce a'a, bai da ita. Mujallar ta buga wannan a bangonta da manyan haruffa. Babu ɗaya daga cikin likitocin nan da ya zauna da mutumin ya duba shi. A jarida da talabijin suka san shi, kamar dai yadda muka san taurarinmu. Goldwater ya faɗi zaɓe, amma ya maka mujallar a kotu kan ɓata suna, kuma a 1968 ya yi nasara, aka ci masu mujallar tarar dala 75,000. Kunyar da abin ya jawo ce ta sa ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta kafa ƙa'ida a 1973: likita ba zai faɗi cutar wani sananne a bainar jama'a ba sai ya duba shi da kansa, kuma an ba shi izinin yin magana. Har yau da sunan Goldwater ake kiran ƙa'idar.

A ƙasar nan, kafin a kira mutum likitan ƙwaƙwalwa sai ya yi shekara shida a jami'a, ya yi shekara guda ta koyon aiki a asibiti, sannan ya ƙara wasu shekarun da ba su gaza huɗu ba a ƙarƙashin manya. Duk da haka idan aka kawo masa mara lafiya sai ya zauna ya yi ta tambaya: yaushe abin ya fara, yaya barci, yaya cin abinci, me ake sha, akwai mai irinsa a dangi? Wani lokaci ya tura a ɗebi jini, wani lokaci ya ce a dawo bayan sati biyu. Shi ke nan mai takarda yana taka-tsantsan, mara takarda kuma yana sharar fage da daƙiƙa talatin.

Masu kallon finafinan Indiya sun ga inda irin wannan ke kaiwa. Ranar 14 ga Yuni, 2020 aka samu gawar Sushant Singh Rajput, jarumin da ya fito a matsayin ɗan wasan kurket M.S. Dhoni, a gidansa da ke Mumbai. Tun ba a gama zaman makoki ba gidajen talabijin suka koma asibiti da kotu a lokaci guda. Aka riƙa zaƙulo tsofaffin hirarrakinsa ana tsayar da hoto ana nazarin murmushinsa. Wasu suka rantse mai dariya irin wannan ba zai taɓa kasancewa cikin ciwon damuwa ba, saboda haka kashe shi aka yi. Wasu suka ce su tun tuni suka hango ciwon a idonsa. Aka tasa budurwarsa, jaruma Rhea Chakraborty, a gaba da zagi, har ana kiranta matsafiya. Ta yi kusan wata guda a tsare bisa wata tuhuma da ta shafi ƙwaya kafin a ba da belinta. Sai a watan Maris na 2025 hukumar bincike ta tarayyar Indiya ta miƙa wa kotu rahoton rufe binciken, ba tare da ta samu hannun kowa a mutuwar tasa ba. Shekara kusan biyar ke nan. Masu fassarar murmushi kuwa tuni sun koma kan wani.

To a ina aka koyo wannan likitancin? Gaskiya ɗaya ce, industiri ma tana da nata kason. Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Hausa ya san yadda mahaukaci yake a fim: tsumma, gashi buzu-buzu, gwangwanaye a wuya, yana kan bola yana surutai yara na jifa. Dalilin haukan ba ya wuce biyu ko uku: kishiya ta shiga ta fita, ko an raba shi da masoyiya, ko dukiya ta salwanta dare ɗaya. Warakar ma a sin ɗaya take zuwa. Ya hango masoyiyar, ko ya ji waƙar da suka taɓa rerawa a lambu, sai ya dafe kai ya yi ƙara ya faɗi, ya farka garau yana tambaya, "Ina ne nan?" Wannan an aro shi ne daga Indiya tare da mantuwar da ke kama jarumi bayan haɗarin mota, wadda ba ta sakinsa sai an sake buge shi a kai. Ɗan kallo ya tashi da darasi biyu, kuma duk biyun ba daidai ba ne: cewa mai ciwon ƙwaƙwalwa ana gane shi da ido, da kuma cewa dabara guda ta isa ta warkar da shi.

Munna Bhai M.B.B.S. na 2003 fim ne mai daɗi, babu musu. Sanjay Dutt ɗan daba ne da ya kutsa makarantar likitoci da maguɗi, ya riƙa warkar da zukatan mutane da runguma da daɗin baki, manyan farfesoshi suna kallo. An yi dariya, an yi hawaye. Amma ko a fim ɗin, a ƙarshe Munna bai zama likita ba, ya amsa cewa shi ba likita ba ne ya bar makarantar. Wannan sin ɗin ne 'yan uwansa na unguwa suke tsallakewa.

Akwai ma kalmar da fim ne ya haife ta kacokan. A Gaslight na 1944, wanda ya ba Ingrid Bergman kyautar Oscar, miji ne ya shirya ya sa matarsa ta yarda ta haukace: ya ɓoye kaya ya ce ita ta ɓatar, fitilun gas na gidan su riƙa dusashewa a tabbatar mata idonta ne ke mata gizo, duk don ya samu damar wawure wasu duwatsu masu daraja. Daga sunan fim ɗin Turawa suka ƙirƙiri kalmar da ke nufin rikita mutum da gangan har ya daina yarda da hankalinsa, kuma a 2022 ƙamus ɗin Merriam-Webster ya zaɓe ta kalmar shekara. Zalunci ne na gaske, kuma akwai matan da ke cikinsa. Sai dai yanzu ta faɗo hannun 'yan mata da samari, saurayi ya ce "ban tuna na faɗi haka ba" sai ƙawa ta ce wa budurwar, "Ke, rikita miki ƙwaƙwalwa yake yi, na gani a bidiyo, alama ta uku ke nan." An ɗauki sunan babban laifi an liƙa wa mantuwa.

Su waɗannan bidiyoyin na "alamu biyar da za ki gane mijinki mai cutar son kai ne" suna da sirrin da ke sa kowa ya ji kamar da shi ake. Wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya tona shi tun 1948. Ya ba ɗalibansa 39 tambayoyi, bayan kwanaki ya miƙa wa kowa takarda ya ce ga bayanin halinka. Ya nemi kowa ya ba takardar maki daga sifili zuwa 5, gwargwadon yadda ta dace da shi. Matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Sannan ya faɗa musu gaskiya: takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, kuma daga littafin duba da taurari da ake sayarwa a bakin titi ya tsinto jimlolin. Maganganu ne irin su kana son mutane su so ka, wani lokaci kana shakkar shawarar da ka yanke. Wa ye ba haka ba? Da wannan dabarar boka ke cin abinci, da ita mai bidiyon alamu biyar ke tara mabiya. Kowane miji yakan yi shiru wata rana, kowace mata takan yi fushi ta huce.

Da abin ya tsaya kan taurari da sauƙi, su ko ba komai sun saba da baki. Matsalar ita ce wanda ya saba yi wa jaruma gwaji a waya, idan ya shiga gida ba ya ajiye farar rigar a zaure.

A ɗauki amaryar da ta haihu sati uku, ta daina barci, ba ta son ɗaukar jaririn, sai kuka ba dalili. Uwar miji ta ce, "Sangarta ce, mu da muka haifi goma ba mu yi haka ba." Gwaggo ta ce iska ce, a kawo hayaƙi. Ƙanwar miji mai waya ta ce, "Yaya, na san wannan, tana son jawo hankali ne, a ƙyale ta." Alhali ciwon damuwa bayan haihuwa sananne ne a asibiti, yana kama fiye da mace ɗaya cikin goma, kuma yana jin magani. Akwai wani nau'in mai tsanani, wanda bai cika faruwa ba, da mai jego ke rikicewa ta riƙa jin muryoyi ko ganin abin da babu. Wannan na gaggawa ne kamar zubar jini, domin rai biyu ne a ciki.

Kuma ba duk abin da ya yi kama da taɓin hankali ne taɓin hankali ba. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai yana sa sambatu da fizge-fizge, haka ma taifot da ya yi nisa da sanƙarau. Wanda aka ɗaure a ɗaki ana jiran aljani ya yi magana alhali zazzaɓi ne, awoyi kaɗan ke tsakaninsa da kabari. Akwai farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum ƙasa, sai dai ya ƙura ido ya ɗauke wuta na ɗan lokaci, ko ya riƙa motsa baki bai sani ba. Akwai wata halitta a maƙogwaro da likitoci ke kira tayirod, ita ce idan ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Idan aikinta ya yi yawa sai mutum ya rame, zuciya ta riƙa bugawa, barci ya ƙaurace, ga saurin fushi. Kowa zai ce damuwa ce ko jifa, alhali gwajin jini ɗaya zai nuna. Sannan ga Tramadol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da shi a watan Mayun 2018 bayan wani binciken BBC da ya girgiza ƙasar. Wani ƙwayar ce ta jawo masa ciwon, wani kuma ciwon ne ya tura shi ga ƙwayar. Raba waɗannan aiki ne na wanda ya karanta, ba na wanda ya kalla ba.

Mafi haɗari su ne waɗanda suka wuce faɗar cuta suka shiga ba da magani. Aboki ya ce, "Je kemis ka ce a ba ka diyazafam, ni ma shi nake sha in na kasa barci," bai san maganin yana kama jiki har mutum ya kasa rabuwa da shi ba. Wani kuma akasin haka: ɗan uwa yana shan maganin asibiti ya samu sauƙi, sai a ce masa, "Haba ɗan uwa, kai da ka warke, me za ka yi da maganin mahaukata?" Ya watsar dare ɗaya, bayan 'yan watanni ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Ƙarshen wannan hanyar an gan shi a watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Da yawansu danginsu ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu hali. Addu'a babu wanda ya ce a bari. Amma sarƙa ba ta cikin addu'a, kuma neman magani a wajen masaninsa bai taɓa saɓa wa tawakkali ba.

A yi adalci, mutane ba don mugunta kawai suke wannan ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutum sama da miliyan 200, kuma galibinsu a manyan birane. Ga kunya: a Kano "Dawanau" ta zama kalmar tsokana, a Sakkwato "Kware", a Kaduna "Barnawa", ta yadda wanda ke buƙatar zuwa sai ya gwammace ya tambayi TikTok da a gan shi a bakin ƙofar. Dokar ƙasa ma ta daɗe a baya. Sai a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da aka gada daga Turawa. Inda babu likita dole wani ya cike gurbin, shi ya sa kowace unguwa ke da nata.

Amma cike gurbi iri-iri ne. Dakta Thomas Adeoye Lambo, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, ya gwada wani tsari a Aro kusa da Abeokuta tun 1954. Maimakon kulle marasa lafiya, sai ya sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan uwan da zai kula da shi, suna zuwa asibiti da rana suna komawa cikin mutane da yamma. Har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Kowa da rawar da yake takawa: dangi su kula, masu masauki su ja mara lafiya a jiki, amma faɗar cuta da rubuta magani na likita ne. Tsarin ya yi suna har ƙasashen waje.

Irin wannan rawar ce mahaifiyar Deepika Padukone ta taka. A 2015 jarumar ta fito ta faɗa wa duniya cewa ta yi fama da ciwon damuwa a shekarar da ta gabata, daidai lokacin da finafinanta ke cin kasuwa, hotunanta na ko'ina tana murmushi. Miliyoyin masu kallo, har da gwanayen karanta ido, babu wanda ya hango. Ta ce wata rana iyayenta sun kawo mata ziyara Mumbai, suna shirin komawa sai ta fashe da kuka. Uwar ta tambaye ta ko aiki ne, ko saurayi ne, ta kasa ba da amsa. A nan uwar ta gane abin ya fi ƙarfin lallashi. Ba ta raɗa wa ciwon suna ba, ba ta aika kemis ba, sai ta haɗa 'yarta da ƙwararru. Deepika ta ga mai ba da shawara, ta ga likita, ta sha magani, kuma a shekarar ta 2015 ta kafa gidauniyar Live Love Laugh don masu irin lalurar.

Wanda ya ga abokinsa ko ƙanwarsa sun canza, barci ya ƙaura, abinci ba ya shiga, abin da suke so a da ya fita ransu, har aka haura sati biyu a haka, to ya zauna ya saurara, ya riƙe sirri, ya ce "tashi in raka ka." Ba sai an fara da Dawanau ba, babban asibitin gari ma zai duba ya tura inda ya dace, kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna da sashen da ke wannan aikin. Idan kuwa mutum ya fara zancen ya gaji da rayuwa ko gara ya mutu, ba a barinsa shi kaɗai, ba a kuma jira gari ya waye.

Ita kuwa jarumar da ta rafka tagumi a wajen biki, mai yiwuwa tana cikin damuwa, mai yiwuwa takalmin ne. Waɗanda suka sani su ne ita da na kusa da ita, kuma ba a teburin mai shayi suke zama ba.